Ciwon bayan da aka yi wa maganin tibi, ashe gawut ne

Mutumin ɗan kasuwar hatsi ne, shekararsa 58, mai jiki, irin waɗanda ke wuni a kan benci bakin rumfa ana auna masara ana loda tirela. Ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba, Alhaji kawai zan riƙa ce masa tunda haka kowa ke kiransa har mu a asibiti. Ciwon baya ne ya kawo shi, can ƙasa wajen ƙugu, har ya kai ba ya iya miƙewa sai an ɗaga shi, kuma ranar da ya iso wurinmu yana cikin sati na huɗu da fara maganin tibi da aka ɗora shi a kai a wani asibitin, bisa zaton tibin ƙashin baya ne. Da aka bi diddigi sai ga shi gawut ne ya ci masa wata ƙaramar gaɓa a ƙashin bayan, ciwon nan da kowa ya fi saninsa a babban yatsan ƙafa.

Kusan shekara biyu kafin nan ya fara jin bayan, kuma yadda ciwon ke zuwa shi ne abin lura. Ba irin na wanda ya ɗaga buhu ya ji ƙas ba ne, ba kuma irin na direbobi ba da kullum yana nan sama-sama. Shi lafiya lau zai kwanta, wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ciwo ya tashe shi, ƙugun ya riƙe gam ta hagu, juyi a kan katifa ya gagara, asuba sai dai a zaune. Ya yi sati ɗaya ko kwana goma a haka sai abin ya tafi kamar ba a yi ba, ya koma kasuwa ya yi wata uku huɗu ba ya jin komai. Duk sanda ya tashi yaron kemis na layinsu zai zo ya yi masa allurar diklofenak, wani lokacin a haɗa da deksa, kwana biyu ya ji sauƙi. To ai dole ya ji sauƙi, su biyun duk suna kwantar da gawut, shi ya sa ma ciwon ya daɗe yana ɓuya ba a gane shi ba. A gida kuwa an yi ƙaho har bayan duk tabon tsaga, an sha na basir an sha na sanyi, akwai ma wanda ya ce jifa ne daga abokan kasuwa.

Yana da hawan jini shekara 12. Tun da aka rubuta masa Moduretic da Vasoprin a farko bai sake komawa an duba shi ba, kwalin yake kaiwa kemis a ba shi irinsa. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Tashin da ya fi muni ya zo da zazzaɓi, kuma a karon farko ciwon ya sauka ƙafar hagu, ta bayan cinya ya bi gefen ƙwauri har saman ƙafa, babban yatsan ya yi nauyi, silifas ma zamewa yake ba tare da ya ji ba. Aka yi eksire ba a ga komai ba sai zaizayewar ƙashi irin ta shekaru. Gwajin ESR, wanda ke nuna akwai kumburi a jiki, ya haura 90. Sai 'ya'yan suka haɗa kuɗi aka yi hoton MRI, rizalt ya fito cewa akwai wani abu da ya taru a gaɓar da ke tsakanin ƙashi na huɗu da na biyar na ƙugu, wato L4 da L5, ta hagu, ya turo ciki yana danne jijiya, mai karanta hoton ya rubuta cewa ya yi kama da ƙwayar cuta kuma ba za a iya cire tibi ba. Washegari aka buɗe masa kati a sashen tibi.

Ni dai ba zan zagi likitan da ya yanke wannan ba, gaskiya. Najeriya ce kan gaba a yawan masu tibi a Afirka, kuma duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu ya ga yadda tibin ƙashin baya ke mayar da saurayi mai ƙarfi gurgu ko ya fito masa da doro don kawai an yi jinkiri. Maganin kyauta ne, tsakuro nama daga baya a gwada kuwa kuɗi ne da tafiya, ba ko'ina ake yi ba. Mutum ya zo da zazzaɓi da ESR sama da 90 da hoto mai cewa ƙwayar cuta, mafi yawanmu abin da za mu fara tunani kenan. Sai dai akwai abubuwan da ba su zauna daidai ba tun lokacin. Bai rame ba ko kaɗan, ba ya gumin dare, ba tari, hoton ƙirji fes, majina ba ta nuna komai ba a GeneXpert, na'urar da ke gano ƙwayar tibi. Sannan tibi ya fi son gaban ƙashin bayan, wato gangar ƙashin da faifan da ke tsakani, ya cinye su har su durƙushe ya tara mugunya a gefe, kuma ya fi kama tsakiyar baya zuwa saman ƙugu. Na Alhaji kuwa gangar ƙashi da faifai duk lafiya, ɓarnar tana can baya a gaɓa guda ɗaya. Kuma tibi ba ya zuwa ya yi kwana goma ya tafi hutun wata huɗu ya dawo.

Maganin tibi na watanni biyun farko ƙwaya ɗaya ce mai haɗi huɗu, rifamfisin, aisonayazid, firazinamayid da etambutol. Na ukun nan, firazinamayid, yana hana ƙoda fitar da yurik asid, sinadarin da taruwarsa ke kawo gawut, sosai da sosai, etambutol ma yana yi amma bai kai shi ba. Ga mai lafiyar ƙoda wanda ba shi da gawut, yawanci abin yana tsayawa a ɗan ciwon gaɓoɓi ne a wuce wurin, shi ya sa da Alhaji ya koma yana kukan gaɓoɓi a sati na biyu aka ce masa ai haka maganin yake, ya daure. Kafin sati na uku ya cika gwiwar dama ta kumbura suntum, idon sawu ya bi, wuyan hannu ya bi, bayan kuma ya ninka. Fitsarinsa ya koma ja-ja saboda rifamfisin, wanda ba komai ba ne, amma ba wanda ya yi wa mutan gidan bayani sai suka ɗauka jini yake fitsarwa, wannan tsoron ne ma ya sa suka ɗauko shi zuwa wurinmu, ba ciwon ba.

A keken marasa lafiya aka shigo da shi, da safa a ƙafa da hula har kunne don lokacin hunturu ne. Da aka cire safar, gindin babban yatsan dama ya yi tudu, fatar wurin tana sheƙi, ka ga alamar ya sha kumbura yana sacewa. A gwiwar hannun hagu ta baya akwai kullutu mai tauri da ba ya ciwo, ya ce ai wannan na jingina da benci ne, ya fi shekara biyar. Da aka ɗaga hula, a gefen kunnen dama ta sama ga wasu 'yan ƙuraje biyu farare a ƙarƙashin fata, ɗayan ya ɗan fashe, abin da ke ciki fari ne busasshe kamar alli. Na tambaye shi, Alhaji yatsan nan yana tashi ne? Ya ce a'a Likita, tuntuɓe ne na da. Hajiya da ke tsaye a bayansa ta ce, "Haba Alhaji, wane tuntuɓe? Likita, ƙafar nan duk shekara sai ta tashi, musamman bayan Sallar Layya, ko zani ya taɓa wurin sai ya yi ihu, har takalminsa mun taɓa yanka masa baki don ya samu zuwa masallaci." Ta ce ya fi shekara takwas ana haka. Shi a wurinsa wancan ciwon ƙafa ne wannan ciwon baya, me zai haɗa su da zai faɗa, kuma duk inda ya je bayan ake dubawa a bar shi da safarsa.

Aka zuƙo ruwan gwiwar da sirinji, ya fito gurɓatacce ruwan ɗorawa. Abu na farko a irin wannan shi ne a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce a gaɓar don ita kwana kaɗan take lalata gwiwa, to an aika lab ba a ga ƙwaya ba, shukar da aka yi wa ruwan don a ga ko ƙwayar cuta za ta yaɗu ma daga baya ba ta tsiro da komai ba. Ɗigo ɗaya kuma aka sa a gilashi aka leƙa a maikuroskof, ga su nan birjik, siraran tsinkaye masu siffar allura, wasu a waje wasu sun soke fararen ƙwayoyin jini ta ciki. Asalin yadda ake tabbatar da su da maikuroskof mai tace haske ne, wanda McCarty da Hollander suka nuna amfaninsa a ruwan gaɓa a 1961, amma ko na gama-gari in ka rage hasken ka natsu za ka gan su, ai tun 1679 Antoni van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya zana su daga kullutun wani mai gawut da ɗan madubin da ya haɗa da hannunsa. Yurik asid ɗin jininsa ya fito 11.4 mg/dL. Ƙodarsa kuma tana aiki ƙasa da rabin yadda ya kamata, hawan jini ya ci nasa diklofenak ya ci nasa. Gwajin jini na PSA, wanda ke nuna alamar kansar furostet, ya fito lafiya, don namiji mai shekarunsa da ciwo a ƙashin baya dole a cire kansar furostet da ta bazu.

Bari in ɗan tsaya a kan ita cutar don wanda bai san ta ba. Yurik asid shara ce da jiki ke samarwa kullum in yana rushe wani sinadari da ake kira fiyurin, mafi yawansa daga tsofaffin ƙwayoyin jikin ne kansa, saura daga abinci. Yawancin dabbobi suna da abin da ke narkar da shi ya zama wani abu mai saurin bin fitsari, mu mutane ba mu da shi, to sai mu dogara da ƙoda ta fitar da kusan kashi biyu cikin uku, hanji ya fitar da ragowar. In ya haura wajen 6.8 mg/dL a jini sai ya daina narkewa, ya fara daskarewa ya zama wani irin gishiri, ba gishirin miya ba fa, yana kwanciya a gaɓoɓi shekara da shekaru ba a sani ba. Ranar da wasu ƙwayoyin suka ɓalle cikin gaɓa sai sojojin jiki su far musu, shi ne wannan kumburi da zafi da jan fata na dare ɗaya, har da zazzaɓi. In an daɗe sai gishirin ya dunƙule ya zama kullutu, kuma kullutun yana cin ƙashin da yake zaune a kai. Mafi yawan masu gawut matsalarsu ƙoda ce ba ta fitarwa yadda ya kamata, ba wai sun fi kowa cin nama ba, kuma akwai gado a ciki. Maza ya fi kamawa, mata sai bayan al'ada ta ɗauke. To ku duba Alhaji: ƙoda mai rauni, ga Moduretic mai ɗauke da haidirokuloroteyazayid, maganin sa fitsari ne da ke riƙe yurik asid, ga Vasoprin, wato ƙaramin asfirin, wanda shi ma haka, ga ƙiba, ga lemon kwalba uku huɗu a wuni lokacin zafi, ga balangu da farfesun kayan ciki da yamma, sannan aka zo aka ɗora firazinamayid a kan duka.

Abin da ke sa mutane, har da ma'aikatan lafiya, ba sa kawo gawut a baya shi ne an koya mana cewa yana son wurare masu sanyi na nesa da zuciya, yatsa da idon sawu da kunne, don gishirin ya fi saurin daskarewa a sanyi. Gaskiya ne. Amma kowane ƙashin baya yana haɗuwa da na samansa da na ƙasansa ta wasu ƙananan gaɓoɓi guda biyu a baya, ana ce musu faset, kuma gaɓoɓi ne sosai masu guringuntsi da ruwa irin na gwiwa. Gishirin nan yana son gaɓar da ta riga ta zaizaye, kuma a duk ƙashin baya na ƙasan ƙugu ne suka fi ɗaukar nauyi suka fi zaizayewa. Gefen faset ɗin kuwa ramin da jijiyoyin ƙafa ke bi ne, wurin ba fili, kullutu kaɗan ya isa ya danne jijiya. A L4 da L5 jijiyar da ke ɗaga babban yatsa kuma take kawo ji daga saman ƙafa ce ke wucewa, daidai inda Alhaji ke kuka.

Nan aka yi gardama a zagayen wod, kuma gardama ce mai ma'ana. Wani babbanmu ya ce to kun nuna gawut a gwiwa, madalla, amma wa ya ce muku abin da ke baya shi ne? Mai tibin baya ma in ka ba shi firazinamayid gawut ɗinsa zai tashi, mutum ɗaya yana iya ɗaukar cuta biyu, in kuka tsayar da maganin tibi kuka ba shi siteroyid, maganin kumburin nan mai danne garkuwar jiki, alhali tibi ne, kun gama da shi. Ba wanda ya iya ce masa a'a. Ɗaya ɓangaren kuma suka ce in aka ci gaba, maganin tibin baya shekara guda ne cur a tsarinmu, ga hanta ga ƙodar da ta riga ta raunana ga ido da etambutol ke iya taɓawa, duk a kan zato. Aka tsaya a kan a dakatar da ƙwayar na 'yan kwanaki, a ba shi kolcisin, maganin kwantar da tashin gawut, kaɗan daidai ƙarfin ƙodarsa, a yi hoton CT, a tsakuro abin a gani.

MRI ya fi kowa nuna jijiya da inda aka danne ta, amma a gawut ba ya rarrabewa, kullutun yana iya fitowa kamar mugunya ko kamar ƙari, shi ya sa ake yawan ruɗewa. CT ne ke nuna ƙashi da kyau. A na Alhaji an ga ramuka a gefen faset ɗin masu tsaftataccen baki, bakin ya yi tauri ya ɗan rufo kan ramin, kusa da su kuma ga wani dunƙule da ya fi nama haske amma bai kai ƙashi ba. Tibi da ciwon daji ba sa cin ƙashi da tsafta haka, yagalgala shi suke. Akwai wani CT mai ƙarfin haske biyu da ke fito da gishirin da kala daban, yawanci kore, ba sai an soka allura ba, amma ba mu da shi.

Likitan hoto ne ya shiga da allura ta baya yana kallo a CT, abin da ya fito a bakin allurar fari ne mai gari-gari, tun a nan aka fara kallon juna. Akwai wani ɗan abu a nan da yake ɓata aikin gaba ɗaya in ba a kula ba. Al'adar asibiti duk naman da aka ciro sai a jefa shi a kwalbar fomalin, maganin da ke hana nama ruɓewa, to fomalin ruwa ne a cikinsa kuma yana narkar da gishirin yurik asid, kafin ya kai wurin mai dubawa ƙwayoyin sun tafi sai gurbinsu, a rubuto maka "kumburi mai daɗewa da manyan ƙwayoyi" wanda in ba ka yi hankali ba sai ka ce ai ga tibi nan. Don haka aka raba shi uku, ɗaya a zallan alkohol, ɗaya a ruwan gishiri don GeneXpert da shuka, ɗaya a fomalin. Na alkohol ya nuna tsinkayen nan dai irin na gwiwa cunkus, kewaye da manyan ƙwayoyin da jiki ke tarawa in ya ga baƙon abu, babu ruɓaɓɓen tsakiyar nan irin ta tibi. GeneXpert bai ga komai ba, kuma shi ko matacciyar ƙwayar tibi yana iya kamawa, to satuttukan maganin da ya sha ba za su ɓoye ta gaba ɗaya ba. Duk da haka ba a ce an rufe babin tibi ɗari bisa ɗari ba, an dai tsayar da maganin da sharaɗin za a riƙa bin nauyinsa da ESR.

Maganin kansa ba wani mai tsada ba ne, abin haushin kenan. Tunda ƙoda ba ta ɗaukar diklofenak da 'yan uwansa, firednisolon, wanda siteroyid ne, 30 mg aka ba shi kwana biyar ana duba sugansa, ranar ta uku ya taka zuwa banɗaki da sanda. Aka cire Moduretic aka sa amlodifin da losatan don hawan jinin, shi losatan har ɗan taimaka wa ƙoda yake ta fitar da yurik asid, sai dai a riƙa duba fotasiyam. Vasoprin ma aka tsayar tunda bai taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, wanda ya taɓa samu kuwa ba a cire masa don gawut, kada wani ya karanta nan ya je ya daina nasa. Bayan kumburin ya lafa aka fara alofurinol, wanda shi ne ainihin maganin, yana rage samar da yurik asid ɗin tun daga tushe. Da rabin ƙwayar 100 aka fara saboda ƙoda, ana ƙara 50 duk bayan 'yan makonni ana gwada jini, tare da kolcisin 0.5 mg kullum na watannin farko. Abin da ake nema yurik asid ɗin jini ya sauka ƙasa da 6, ga mai kullutu kuwa ƙasa da 5, don a nan ne tsohon gishirin ke fara narkewa. Wani lab ɗin zai rubuto maka da wani ma'auni daban, 6 mg/dL shi ne 360 µmol/L ko 0.36 mmol/L, na ga wanda ya ga 0.6 a takarda ya yi murna wai nasa ya yi ƙasa alhali 10 kenan. An kuma ja masa kunne a gaban Hajiya da babban ɗansa cewa in ya ga ƙuraje a jiki ko bakinsa ya fara salewa ko ido ya yi ja da zazzaɓi, ya tsayar ya taho a ranar, don alofurinol kan jawo wata muguwar salewar fata ga wasu ƙalilan, an fi ganinta a farkon watanni kuma mai raunin ƙoda ya fi haɗari.

Likitocin ƙashi sun zo sun duba batun tiyata suka ce a jira. Yatsan yana ɗaguwa ko da ba ƙarfi sosai, kuma raunin ba ya ƙaruwa, fitsari da bayan gida yana riƙewa, tsakanin cinyoyinsa bai mutu ba. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya samu matsala, ko ƙafar na ƙara mutuwa kullum, to ba maganar jiran ƙwaya, buɗewa za a yi a kwashe abin da ke danne jijiyar ko gawut ne ko menene, kuma wannan ya shafi duk mai ciwon baya ba shi kaɗai ba.

A wata na biyu yatsan ƙafa ya sake tashi, sai ya ajiye alofurinol ya ce shi ne ya tayar masa. Kuma a wani ɓangaren bai yi ƙarya ba, in yurik asid ya fara sauka tsohon gishirin yana sassautawa yana ɓallewa, to ana samun tashi a watannin farko, dalilin haɗawa da kolcisin kenan, wanda da aka bincika ashe ya ƙare sati biyu ba a sayo ba. Sai da aka zaunar da shi. Ya ce, Likita to yaushe zan gama shan wannan? Na ce Alhaji yaushe ka gama shan na hawan jini? Ya yi dariya ya ce an kama shi.

Gida kuma sun wuce gona da iri ta ɗaya gefen, sun hana shi nama kwata-kwata, sun hana wake da ƙosai da tumatir da ƙwai, mutum ya koma daga kunu sai tuwo da miyar kuka lami. Abinci yana da nasa amma ko ka tsare shi iya tsarewa abin da yake saukarwa bai fi wajen 1 mg/dL ba, wanda ya taso daga 11 ba zai kai 5 da ƙauracewa tsire ba. Abin da aka ce ya bari shi ne hanta da ƙoda da sauran kayan ciki da romonsu, sadin na gwangwani, da lemon kwalba da duk wani abin sha mai zaƙi, giya dama ba ya sha. Jan nama kaɗan-kaɗan, ba a zauna wa rago guda kwana uku ba. Wake ba laifi, ƙwai ba laifi, nono da kindirmo ma taimako suke in ba a cika suga ba. Da azumi ya zo, tunda ƙwayar sau ɗaya ce a rana sai aka mayar da ita bayan buɗa baki, ruwa kuma ya riƙa sha a rarrabe har sahur, da sharaɗin in gwajin ƙoda ya motsa zai ajiye.

A rubuce, an fara bayyana gawut a ƙashin baya ne a 1950 a Ingila, a ƙashin wuyan wani mutum, kuma da wasu likitoci a Amurka suka tattara duk rahotannin da suka samu a 2015, mutum 131 suka ƙirga, ƙugu ne ya fi yawa a ciki. Adadin ya yi kaɗan, amma waɗannan su ne waɗanda abin ya kai ga an soka allura ko an yi tiyata har aka rubuta, kuma da yawansu sai a kan teburin tiyata aka gane bayan an shiga da niyyar cire ƙari ko mugunya. A ganina a nan wurinmu wani kason yana cikin rajistar tibi, wani kuma yana kemis ana masa allura. Ba ina cewa duk mai ciwon baya ya je ya gwada yurik asid ba, mafi yawan ciwon baya na nama ne da zaizayewa, kuma mutane da yawa nasu yana sama ba su da gawut, wani kuma ana tsakiyar tashin sai gwajin ya fito daidai, to lambar ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Amma namiji da ya manyanta, mai hawan jini da ke kan maganin sa fitsari ko mai raunin ƙoda, bayan na zuwa dare ɗaya ya tafi, yatsa ko gwiwa sun taɓa kumbura, kafin a buɗe masa katin tibi na shekara guda ya kamata a cire masa safa a ɗaga hula a shafa gwiwar hannu, minti biyu ne.

Zuwansa na baya-bayan nan yana kan alofurinol 350 mg, yurik asid ɗin ya sauka 5.2, ana so a ƙara kaɗan. Na kunne sun ɓace, na gwiwar hannu ya ragu ya yi laushi, bayan bai sake riƙewa ba, nauyinsa bai faɗi ba ESR kuma ya dawo daidai, to maganar tibi ta ƙara nisa. Ƙodar ba ta dawo ba amma ta tsaya inda take. Saman babban yatsan hagu har yanzu a ɗan mace yake, jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo duka ba, an faɗa masa. Mun so a maimaita CT a ga ko dunƙulen ya ragu, ya ce Likita tunda da ƙafata na shigo hoton me kuma, kuɗin ya fi buhun masara biyu. Aka bar shi a kan gwajin jini, shi ma ya ce sai bayan kaka don yanzu kaya ke shigowa kasuwa.